Babi na Bakwai: Kilisar Dokin Ƙarfe

A ƙasar Gwiwa, idan aka ci karo da mutum a kan keke, abin da ke biyo bayan sallama shi ne, "Ina zuwa?" Amsar kuwa a bakin kowa take: gona, kasuwa, makaranta, asibiti, ko ta'aziyya a ƙauyen gaba. Sau da yawa ma ba sai an tambaya ba, domin kariyar keken ta riga ta tona asiri. Buhun gero ɗaure da roba, kasuwa ke nan. Jarkoki biyu suna reto hagu da dama, rijiya za a je. Fartanya da gorar ruwa, gona. In kuwa tsohuwa ce zaune a karkace tana riƙe da rigar jikanta, sai a bi ta da Allah ya sawwaƙe. Keke a wannan yanki bawan gida ne, ba ya fita sai da aike.

Sai shekarar 2020 ta zo ta kashe aiken.

Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Mutanen karkarar Jigawa sun ji a rediyo, sun kuma ɗauke shi kamar labarin gobara a wani gari mai nisa. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu. Ranar 11 ga Afrilu cutar ta bayyana a Kano, kuma tsakanin Kano da Kazaure tafiyar kusan kilomita 80 ce kawai a kan titin Daura, motoci na kaiwa da komowa dare da rana. Mako guda da 'yan kwanaki sai ga ta a Jigawa. Kazaure, hedikwatar masarautar da Gwiwa ke cikinta tare da Roni da 'Yankwashi, na cikin wuraren farko da gwamnatin Muhammadu Badaru Abubakar ta kulle. Aka dakatar da manyan kasuwannin mako-mako. Gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, sannan daga 4 ga Mayu ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Ga mutumin Dutse, hana shiga wata jiha magana ce ta masu doguwar tafiya. Ga mutumin Gwiwa, wanda ƙaramar hukumarsa ta jingina da Jihar Katsina, "wata jiha" na iya zama ƙauyen da ƙanwarsa ke aure.

Ba wasa ake yi ba. A cikin makonnin nan ne maƙabartun Kano suka riƙa karɓar gawa fiye da yadda aka saba, kuma a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙidaya mutuwar mutum 979, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da cutar. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana ke haura maki 40. Abin ban haushi, a watan Maris ɗin ne gwamnati ta sauke farashin litar fetur daga naira 145 zuwa 125. Mai ya yi arha daidai lokacin da babu inda za a je da shi.

To, me mai keke zai yi da kekensa?

A ɗauki malamin firamare, irin wanda kusan kowane ƙauye a yankin ke da shi, wanda shekara da shekaru yake tuƙa keke zuwa makarantar da aka tura shi. Ranar farko ta hutu daɗi ce. Mako na farko ma haka. A mako na uku ƙafa ta fara ƙaiƙayi, baya ya yi tsami, gida ya cika da hayaniyar yaran da su ma ba su da inda za su. Damina ba ta sauka ba balle a ce gona ta ɗauke hankali. Bayan azumi ya kama, wata safiya sai ya fito da keken, ya matsa taya da babban yatsa, ya ƙara mata iska, ya hau. Ba kaya a kariya, ba rajista a jaka. A bakin gari ya iske dattijo a kan tabarma da carbi a hannu.

"Malam, ina zuwa da sassafe haka? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Ƙafa kawai zan miƙe."

"Da azumi a bakinka?"

Dattijon ba zai ƙara cewa komai ba, amma a ransa ya gama yanke hukunci: ko dai bashi malam zai je nema, ko kuwa akwai wata bazawara a ƙauyen gaba. Cewa mutum mai hankali, mai iyali, zai ƙona ƙarfinsa a kan hanya ya dawo hannu rabbana, wannan ba ya shiga lissafi.

Alhali kuwa Hausa ta daɗe da tanadar wa abin suna. Kilisa. Mai doki ya san cewa in aka bar ingarma a turke kwana da kwanaki, zai yi ƙiba, ya yi taurin kai, ƙafarsa ta mutu. Don haka da la'asar sakaliya sai a ɗaura masa sirdi a fita bayan gari, a yi tafiya, a ɗan yi sukuwa, a dawo kafin magariba. Ba wanda ke tare mai kilisa ya tambaye shi ina zuwa. A masarauta irin Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a kan doki tun farkon ƙarni na 19, wannan ba baƙon abu ba ne. Matsalar dai ita ce an yarda doki na bukatar motsa jini, an yarda mai doki na da ikon nishaɗi, amma dokin ƙarfe da mai shi ba a taɓa ba su wannan alfarma ba. Kilisa ta zama ta masu gari da 'ya'yan masu hali, keke kuwa aka bar shi da dako.

Yara ne kaɗai suka ƙi bin wannan doka. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san keken haya: a tara 'yan kuɗin sallah a kai wa mai kekuna, ya duba agogo ya ce a dawo bayan minti kaza. Wanda ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi sai ya zura ta ta ƙarƙashin sanda, ya karkace jiki kamar mai leƙen rijiya, ya yi ta zagaye filin makaranta. Ina za shi? Babu ko'ina. Daɗin iskar ne kawai. Girma ke raba mutum da wannan, ranar da aka fara ɗora masa niƙa a kariya.

A daidai watannin da malamin ke neman hujjar da zai ba dattijo, duniya can waje ta haukace a kan keke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mutane su riƙa tafiya a ƙasa ko a keke in da hali, maimakon cunkusuwa a bas da jirgin ƙasa. Bogota, babban birnin Kolombiya, ta ware wa masu keke ƙarin kilomita 76 na titi tun a watan Maris. Milan ta Italiya ta sanar da kilomita 35, Faris kusan 50. Gwamnatin Birtaniya ta ware fam biliyan 2 a watan Mayu domin keke da tafiyar ƙasa, har da takardar rangwamen fam 50 ga duk mai tsohon keke a jingine ya kai shi gyara. Faransa ta yi irin wannan da yuro 50. Shagunan kekuna a Turai da Amurka suka zama wayam, kamfanin Shimano na Japan mai ƙera giya da birki ya kasa biyan bukata, mai son sabon keke ya riƙa jiran watanni.

Amma hawan nishaɗi bai samu wannan gata nan take ba. A Italiya da Sifaniya an hana shi ƙememe a farkon kulle, ana cin tarar wanda aka kama, bisa hujjar cewa asibitoci ba su da gadon da za su ba wanda ya faɗi ya karye. A Faransa an yarda mutum ya motsa jiki na awa ɗaya, cikin kilomita ɗaya daga ƙofar gidansa, da takardar shaida a aljihu. Ingila ta yarda da fita sau ɗaya a rana, mutum shi kaɗai ko da mutanen gidansa. Masu hali sai suka kafe kekunansu a falo a kan wata na'ura, suna tuƙi suna kallon kansu a allon kwamfuta ta manhajar Zwift, har gasar Tour de France ta allo aka yi a watan Yuli, kafin a yi ta gaske daga 29 ga Agusta zuwa 20 ga Satumba. Wasu kuma suka ɓullo da wata wahalar da kai: a zaɓi tudu ɗaya a yi ta hawa ana sauka har jimillar hawan ta kai mita 8,848, tsawon Dutsen Everest. Alberto Contador, tsohon zakara ɗan Sifaniya, ya yi hakan cikin awa 7 da minti 27 a watan Yuli. Da za a ba dattijon bakin gari wannan labari, da ya nemi afuwar malam.

A wannan fanni dai mutumin Gwiwa ya fi na Faris 'yanci. Jami'an tsaro na kan kwalta da mashigar manyan garuruwa. Turbar da ta ratsa gonaki daga Gwiwa zuwa su Korayel, Dabi ko Buntusu ba ta da shinge.

Sai dai ita turbar tana da nata jami'an. Sunan jihar ma gargaɗi ne: jigawa tudun rairayi ce, kuma babu abin da keke ya ƙi jini kamar rairayi. Taya ta nutse, kan keke ya riƙa kaɗawa, mahayi ya sauka ya tura. Wannan kusurwa ta jihar ta ɗan bambanta da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabas, domin wajen Kazaure da Roni akwai duwatsu da tuddai, abin da ke nufin ƙasa mai tauri a wasu wuraren, da hawa mai fitar da gumi, da gangare mai mayar da babba yaro. Bayan rairayi sai tsidau, ƙayar nan mai kai uku da ke kwance a gefen hanya tana jiran taya. Keken tsere na Turai, wanda dokar gasa ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, mai taya siririya kamar yatsa, ba zai kai Korayel da iskarsa ba. Phoenix ɗan Shanghai ko tsohon Raleigh, mai nauyin kusan kilo 20, giya ɗaya tal, birkin ƙarfe, shi ne ɗan gari. Matasa kuma sun fi son ɗan kwatano mai giya da taya mai kauri.

Mai hawa shi kaɗai yana koyon abin da mai aike bai da lokacin lura da shi. Mai zuwa kasuwa idonsa na kan rami, hankalinsa na kan farashin mudu. Mai kilisa yana ganin cewa gawo ya fara kakkaɓe ganye, alamar ruwa ya kusa, tunda shi gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan'uwanta, kore shar a rani, tsirara a damina. Yana ganin wanda ya gama sharar gona da wanda bai ko kai taki ba. Yana jin ƙarar kaca yana gane ta bushe. Ya kan gane kuma cewa iska na da ɓangare: in ya fita tana tura shi daga baya yana jin kansa gwani, to ya ajiye ƙarfin dawowa. A cikin azumi lissafin ya fi tsanani. Sa'o'i biyu ne kawai masu imani, bayan fitowar rana kaɗan kafin ta yi zafi, da kuma gab da magariba, a dawo ana kiran salla a tarar da kunun tsamiya. Wanda ya kuskura ya yi nisa da hantsi, taya ta fashe masa a dokar daji babu famfo babu sholisho, ba zai sake ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A gidan Bahaushe na karkara, kaɗaici abu ne mai tsada. Zaure na mutane ne, tsakar gida ta mata da yara ce, gindin bishiya majalisa ce. Mutumin da albashi bai isa ba, kasuwa a rufe, rediyo na ta lissafin matattu, bai da inda zai zauna shi da zuciyarsa ba tare da an ce me ke damunsa ba. Sirdin keke na ba shi wannan awa guda. Likitoci na magana a kan hawan jini da ciwon suga, kuma a watan Nuwamba na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta cewa baligi na bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Gaskiya ne. Amma manomin Gwiwa mai huɗa da garma ya wuce wannan ma'auni tun ranar Talata. Wanda ke bukatarsa shi ne ma'aikaci, da mai shago, da wanda ya samu babur ya yi sallama da tafiyar ƙasa.

Shi kuwa Bahaushe ba ya daɗewa yana abu shi kaɗai. Mutum ɗaya a kan keke babu kaya abin zargi ne. Mutum huɗu kuwa an san sunan abin: zumunci. Abokai su haɗu, ɗaya ya ce a je a gaida wane, an ji ba ya jin daɗi, ko a je a ga ko ruwan madatsar Kazaure ya ja baya. Gaisuwar minti biyar ce, tafiyar awa biyu, kuma kowa ya san wanne ne dalili wanne ne hujja. Sallar azumin shekarar, ranar 24 ga Mayu, ta zo babu hawa, domin masarautun Arewa sun soke. Dawakai na turke, kekuna ne suka yi yawon sallah.

A nan ne annoba ta shigo da tambayar da ta dami masu keke ko'ina a duniya: shin hawa tare da abokai yana yaɗa cuta? Sirrin tafiyar rukuni shi ne iska. Na gaba ne ke sara ta, wanda ke bin sa kut da kut yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, shi ya sa ake karɓa-karɓa. Yaran da ke maƙalewa a bayan tifa a kan titin Daura sun san wannan ilimi ba tare da littafi ba, kodayake wasunsu sun biya shi da tsada. To amma wanda ke cikin inuwar iskar wani yana shaƙar numfashinsa. A watan Afrilu na 2020 wani farfesan injiniya, Bert Blocken, na jami'o'in Eindhoven a Holan da Leuven a Beljiyam, ya fitar da lissafin kwamfuta da ke cewa tazarar mita ɗaya da rabi ba ta wadatar ga masu motsi: mai tafiya ya bar mita 4 zuwa 5, mai gudu ko tuƙi a hankali mita 10, mai tuƙi da sauri mita 20. Labarin ya zagaye duniya cikin kwanaki. Masana cututtuka suka yi masa ca, suka ce ya lissafa tafiyar ɗigon yawu ne, bai nuna wani ya kamu ba, kuma ya saki sakamakon kafin takwarorinsa su tantance. Abin da ya tabbata daga baya shi ne cutar ta fi yaɗuwa nesa ba kusa ba a rufaffen ɗaki fiye da a fili.

Ma'ana, haɗarin ba a kan hanya yake ba, yana inda aka tsaya. Musabaha da duk wanda aka tarar. Moɗa ɗaya ta zagaye mutum shida. Benci ɗaya a teburin mai shayi, kafaɗa da kafaɗa. Ɗakin mara lafiyar da aka je dubawa, taga a rufe. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta yi ta shelar a bar tazara a daina gaisawa da hannu, amma a ce wa saurayi ya ƙi miƙa wa sa'an mahaifinsa hannu biyu, an ɗora masa abin da ya fi hawan dutsen Roni wuya. Azumi ya ɗan taimaka ta inda ba a zata ba: da rana babu moɗar da za ta zagaya.

Duk rukunin masu keke na da hedikwata, kuma ba a zaɓenta. Gindin bishiyar mai faci ce. Kwano da ruwan da ya yi baƙi don neman inda tif ke fitar da kumfa, guntun fayel, gwangwanin sholisho, sifana biyu uku, da tarin tsofaffin sifok. A Turai sai da gwamnatoci suka zauna suka ayyana shagon gyaran keke a matsayin sana'ar da ba za a rufe ba. Mai facin Gwiwa bai jira wannan takarda ba, ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

Mata fa? Yarinya na koyon keke a tsakar gida ko a lungu, ta kan ma fi yayyenta iyawa, amma da ta fara girma sai a sauke ta. A Burkina Faso mata na tuƙa keke zuwa kasuwa da goyo a baya, haka a ƙauyukan kudu maso gabashin Najeriya. Kuma mutum na farko da ya wakilci Najeriya a tseren keke na gasar Olamfik mace ce, Ese Ukpeseraye, a Faris a 2024, inda sai da tawagar Jamus ta ara mata keke ta shiga wasu daga cikin wasannin. Ɗalibar da ke taka doguwar hanya zuwa sakandare a ƙasa, yayanta na wuce ta a keke, ita ce aka fi cuta a wannan tsari, kuma ba annoba ce ta kawo shi ba.

Abin mamaki, keke bai fara rayuwarsa a ƙasar Hausa a matsayin alamar talauci ba. A zamanin gyaɗa, manomin da kaka ta yi wa kyau abu uku yake lissafi: keke, rediyo, aure. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e a kan Raleigh suke zuwa aiki, a naɗe ƙarfen da roba mai launi, a sa madubi biyu, a goge shi kamar takobi. Har lasin ake yankar masa. Najeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kamfanin Raleigh na Nottingham, har ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano. Kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka ɗora ma'aikata a kan babur da mota. Daga baya Jincheng da Bajaj masu arha suka ƙarasa aikin a ƙauyuka. Keke ya gangaro ya zama na wanda bai samu ba. Lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke a 2001, dariya aka yi masa, kuma da wata bas ta tunkuɗa shi cikin kwalbati a Abuja sai dariyar ta ƙaru. Maganarsa daidai ce. Kuskurensa shi ne ya kira mutane kan titin da ba a yi shi domin su ba.

Tun daga nan, duk lokacin da keke ya dawo a Arewa, wuya ce ta dawo da shi. Maiduguri ta koma kansa bayan hana babura a 2011. Kano ta ga ƙaruwarsa bayan hana acaɓa a Janairun 2013. Korona ta yi nata. Sai kuma 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli. Ma'aikatan da suka rantse sun rabu da feda suka shiga ɗakin ajiya suna kakkaɓe ƙura. Bambancin 2020 da sauran shi ne guda: a sauran lokutan an hau keke ne don a isa wani wuri da arha, a shekarar kulle kuwa wurin ne babu.

Gwiwa ba ta yi suna da tseren keke ba, ba kuma ta da irin su Cycology ta Legas, masu fita da asubahin Asabar cikin matsattsun riguna da hular kwano. Amma ba a Legas kaɗai ake samun ƙafa ba. Burkina Faso, mai zafi da ƙura irin na nan, tana gudanar da Tour du Faso tun 1987. Eritriya, inda keke ya zama abin alfahari ga talaka da mai kuɗi, ta fitar da Biniam Girmay, wanda ya ci zango uku a Tour de France na 2024 ya tafi da koriyar riga. A 2023 wani ɗalibi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya tuƙa keke kusan kilomita 4,000 ta Mali da Burkina Faso da Nijar har Chadi, yana neman isa Jami'ar Azhar, kuma ya isa. Yaron da ke hawa tudun Roni da buhun masara a kariya da giya ɗaya, babu wanda ya taɓa riƙe masa agogo.

An ɗage hana zirga-zirga tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, 2020. Kafin nan ruwa ya sauka, an yi shuka, ana noman farko, kuma babu manomin da ke da sauran ƙarfin miƙe ƙafa bayan yini a sunkuye. 'Yan ajin ƙarshe suka koma makaranta a Agusta don jarrabawar WAEC, sauran sai wajen Oktoba. Kasuwanni suka ci. Malamin ya mayar da rajista cikin jaka, dattijon bakin gari ya daina tambayarsa, tunda yanzu an san inda za shi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. A Abuja da Legas ana fita a jere da rakiyar jami'an kiyaye haɗura. A Gwiwa ranar na faɗowa ne a bakin damina, kekuna na kan hanyar gona da iri da taki a kariya.